Jinyar mai shanyewar ɓarin jiki a ƙauye: daga ranar sallama zuwa ranar da zai taka

Tambayar da ta fi zo mini, ko a ɗakin shan magani ko a bakin masallaci bayan la'asar, ita ce: "An sallamo mana Baba daga asibiti, ɓarinsa ɗaya ba ya motsi, yanzu me za mu yi?" Wani lokaci ɗansa ne ke tambaya, wani lokaci matarsa ce ta aiko yaro. Amsar ba ta ƙarewa a tsaye a bakin hanya, shi ya sa na zauna na rubuta ta daki-daki.

Yawancin waɗanda na ga sun lalace bayan sallama, ba faɗuwar farko ce ta gama da su ba, kwanciya ce. Gyambo ya ci baya, abinci ya bi ta huhu, gaɓoɓi suka ƙage, aka bar maganin hawan jini. Duk huɗun nan a gida ake hana su, da hannun 'yan gida. Watanni uku na farko kuwa su ne lokacin da jiki ya fi saurin dawowa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zan riƙa cewa "shi", amma maganar ɗaya ce ko da Inna ce a kwance.

1. Kafin a baro asibiti

Kada murnar sallama ta sa ku tattara kwanuka ku fito ba ku yi tambaya ba. Mutum biyu daga cikin waɗanda za su yi jinyar su tsaya gaban likita da littafi da biro. A tambaye shi: jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko fashewa ta yi? Kowane magani mene ne sunansa, na mene ne, sau nawa ake sha? An gwada haɗiyarsa, zai iya shan ruwa? Idan akwai robar fitsari ko robar abinci ta hanci, yaushe aka saka, yaushe za a canza? Wace rana za a dawo?

Sai ku nemi ganin likitan gashi, wato mai koyar da motsa gaɓoɓi da atisaye, kafin ku fita. Ku roƙe shi ya nuna muku yadda ake juya majinyacin, yadda ake zaunar da shi da yadda ake motsa masa gaɓoɓi, ɗayanku ya ɗauka a bidiyo da waya. Wannan bidiyon zai yi muku amfanin da ya fi kuɗin mota sau biyar. A ɗauki hoton takardar sallama ma, don takarda tana jiƙewa, akuya tana ci.

Gargaɗi: kada kowa ya ba shi asfirin don ya ji an ce yana tsinka jini. Ga wanda jijiyarsa ta toshe magani ne, ga wanda tasa ta fashe yana iya ƙara zubar jinin. Likitan da ya san irin ciwon ne kaɗai ke rubuta shi.

2. Ɗaki, kaya da kuɗi

A zaɓi ɗaki mai iska da haske, kusa da tsakar gida, inda zai ji daka da hayaniyar yara. Ƙuryar ɗaki tana kashe zuciya. Gadon da ya dace shi ne wanda idan ya zauna a bakinsa tafin ƙafafunsa za su taɓa ƙasa sosai. Katifa a ƙasa tana karya bayan mai jinya, tana kuma wahalar da tashi. Idan babu gado, kafinta zai haɗa mai sauƙi da katako. Kada a jingina ɓarin da ya shanye da bango, a bar shi ta wajen ƙofa, don masu gaisuwa su riƙa zuwa ta nan, shi ma ya riƙa waiwayawa ta nan.

Abin da za a tanada: katifa mai kauri, ledar shimfiɗa da zannuwa masu laushi aƙalla huɗu, matasai huɗu ko biyar (tsohon zani da aka cusa wa auduga ko tsumma ya wadatar), gidan sauro, fitila mai caji, sabulu, man kaɗanya ko basilin, safar hannu, da na'urar awon jini irin wadda ake ɗaurawa a damtse. Sai kujerun roba masu hannu guda biyu: ɗaya ta zama, ɗaya a huda tsakiyarta, a goge bakin ramin ya yi sumul, a sa bokiti a ƙasa. Masan tsuguno ya fi ƙarfinsa a yanzu.

Maganar kuɗi kuwa, ba kayan nan ne ke cinye gida ba, su sau ɗaya ake saya. Abin da ke ci shi ne na wata-wata: magani, canjin roba, da kuɗin mota zuwa birni. Don haka ranar da 'yan uwa suka haɗu, zuciya tana da zafi kowa yana ciro kuɗi, a fara ware kuɗin maganin wata uku a ajiye wurin mutum ɗaya mai amana. Bayansa na'urar awo, bayanta kuɗin mota. Keken guragu shi ne na ƙarshe, shi ma a fara neman aro. Sau nawa na shiga gida na tarar da sabon keke a jingine da katon ɗin lemon kwalba da 'yan birni suka aiko, maganin hawan jini kuwa ya ƙare tun makon jiya.

3. Raba jinya

Mutum ɗaya ba ya jinyar wannan ciwo. Idan aka bar wa matarsa ita kaɗai, kafin wata biyu marasa lafiya biyu za a samu. A rubuta jadawali a manna a bango: wa ke da safe, wa ke da rana, wa ke kwana. Samarin gida su ɗauki ɗagawa da juyin dare, ko da kuwa sun yini a gona.

4. Kwanciya da juyi

Duk awa biyu a juya shi, dare da rana: dama, baya, hagu. Da rana a bi lokutan salla a ƙara juyi a tsakani yadda ba za a wuce awa biyu ba, da dare a sa ƙararrawar waya.

Idan yana rigingine, matashi ɗaya a kai, ɗaya a ƙarƙashin kafaɗa da hannun da ya shanye, hannun a miƙe, yatsu a buɗe. A sa matashi a ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya za ta tashi daga katifa. Idan yana kwance kan ɓari mai lafiya, hannun da ya shanye ya hau matashi a gabansa, ƙafar da ta shanye ma ta hau wani, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Kan ɓarin da ya shanye ma ana kwantar da shi, mutane da yawa ba su san haka ba. Sai dai a sa hannu ƙarƙashin allon kafaɗarsa a jawo ta gaba a hankali, don kada ya danne kan kafaɗar.

Wajen juyi, a lanƙwasa masa gwiwoyi, hannu ɗaya a allon kafaɗa, ɗaya a ƙugu, a mirgino shi ta wajen mai juyin. In za a matsar da shi sama, mutum biyu su kama zanin da ke ƙarƙashinsa su ɗaga, ba a jan shi a kan shimfiɗa, gogayya tana saɓule fata.

Gargaɗi, kuma a gaya wa kowa har baƙi: ba a jan hannun da ya shanye. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja ɗaya yana iya sa ta goce, ciwon kuma yana iya ɗaukar watanni yana hana shi barci da atisaye.

5. Duba fata

Kullum wajen wanka a duba tsatso, mazaunai, gefen ƙugu, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa da ƙeya. A fatarmu gyambon kwanciya ba ya fara nuna ja. Abin da za a gani shi ne wuri ya fi kewayensa duhu, yana ƙyalli, ya yi zafi ko tauri in an taɓa. Da an ga haka, kada ya ƙara kwanciya kan wurin sai ya koma daidai, kuma kada a murza shi, murzawa tana ƙara ɓata naman ciki.

Fata ba ta son jiƙa. Da ya yi fitsari a wanke, a tsane da tawul ta hanyar dannawa, a shafa mai kaɗan. Kada fatarsa ta taɓa leda kai tsaye, kullum da zani a tsakani, zanin kuma a miƙe, babu tattara, babu ɓurɓushin abinci.

In fatar ta riga ta fashe, a wanke da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa da ake sayarwa a kemis, a rufe da bandeji mai tsabta, a kira ma'aikacin lafiya a ranar. Ba a barbaɗa toka, garin bagaruwa ko garin kafso a ciki. Gyambon da ya yi rami, ya yi baƙi ko yake wari, na asibiti ne.

6. Ci da sha

A nan nake so a fi natsuwa, domin a nan ne ƙauna take yin ɓarna. Ciwon yakan raunana maƙogwaro, abin da aka ba shi sai ya bi hanyar iska ya sauka huhu. Bayan kwana biyu zazzaɓi da tari su tashi, a ce maleriya ce, alhali ciwon huhu ne. Na taɓa shiga wani gida na samu dattijo a rigingine, 'yarsa ta tallafo kansa tana ɗura masa ruwa da bakin buta, tana kuka tana cewa, "Baba daure ka sha." Shi kuwa idanunsa sun yi ja, muryarsa tana gurgur kamar mai kurkure baki. Ba ta san ruwan ba cikinsa yake zuwa ba.

Ga yadda ake yi. A zaunar da shi tsaf, ko a kujera ko an tokare bayansa da matasai, kai a ɗan sunkuye, haɓa ta yi ƙasa. A tabbatar ya farka sosai, mai gyangyaɗi ba a ba shi komai. A kashe rediyo, a hana shi magana da abinci a baki. A yi amfani da ƙaramin cokali, a sa ta gefen baki mai lafiya, a jira a ga maƙogwaro ya motsa kafin a ƙara. In an gama a leƙa kuncin da ya shanye, abinci yana maƙalewa a can bai sani ba. A goge masa baki da haƙora safe da dare. Ya zauna aƙalla minti 30 kafin a kwantar da shi.

Abin mamaki, ruwa tsinkakke shi ya fi sarƙe su, abu mai kauri ya fi sauƙin haɗiya. A fara da kunu ko koko mai kauri, fate mai laushi, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa, dankali da aka dama, ayaba da aka murƙushe, wake da ya dahu luguf, ƙwai, kindirmo. A nisanci dambu, garin kwaki, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, shinkafa mai warwara da nama mai tauri har sai haɗiya ta dawo. Fura a dama ta sumul, babu gaya.

Kada a rage masa abin sha don gudun fitsari, wannan kuskure ne da kusan kowane gida ke yi. Yana buƙatar kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, har da abin da ke cikin kunu, a bazara ma fiye. Sai fa idan likita ya taƙaita saboda ciwon zuciya ko ƙoda.

Gargaɗi: idan yana tari duk haɗiya, ko muryarsa ta jiƙe bayan sha, a tsaya, a koma asibiti a duba. Wataƙila robar hanci yake buƙata na ɗan lokaci, kuma ba alamar mutuwa ba ce kamar yadda ake tsoro. Rubutu da ruwan tofi ma ruwa ne. In ba ya iya haɗiya, a shafa masa a jiki, a yi masa addu'a a kansa.

7. Fitsari da bahaya

In akwai robar fitsari, jakar ta kasance ƙasa da mararsa kullum, ba a kan gado ba, kuma ba tana jan ƙasa ba. A zubar kafin ta cika, a wanke hannu kafin da bayan, a wanke inda robar ta shiga da sabulu da ruwa kowace rana. Robar da aka fi sawa a asibitocinmu ba a barinta ta wuce wata guda, ma'aikacin lafiya ne kuma ke canzawa. Kowane zuwa asibiti a tambaya ko lokacin cire ta ya yi.

In babu roba, a riƙa kai masa tasa ko a ɗora shi kan kujerar bokiti duk awa biyu zuwa uku, tun bai nema ba. Bahaya kuma a saba masa da lokaci ɗaya, bayan karin kumallo. Zogale, alayyahu, gwanda da isasshen ruwa suna hana taurin ciki. Kwana uku babu bahaya, a gaya wa ma'aikacin lafiya. A sa labule, a fitar da yara. Dattijon da ya aurar da 'ya'ya yana jin wannan lamari a ransa fiye da ciwon kansa.

8. Motsa gaɓoɓi

Sau biyu a rana, kowace gaɓa sau goma, a hankali: yatsu, wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa, sai ƙugu, gwiwa, idon sawu. Hannu ɗaya ya tallafi sama da gaɓar, ɗaya ƙasa da ita. Inda ya ji zafi nan ne iyaka. Kada a ɗaga hannu ya wuce tsayin kafaɗa in ba likitan gashi ne ya nuna yadda za a wuce ba. A ba idon sawu haƙƙinsa: a tallafi dunduniya a tura tafin ƙafa sama ta wajen ƙwauri, a riƙe kamar daƙiƙa 30. Ƙafar da ta ƙage tana kallon ƙasa ba ta taka ƙasa daidai, ko da ƙarfi ya dawo.

Kada a tsaya a yi masa kawai, shi ma ya yi. Ya sarƙe yatsun hannayensa biyu, mai lafiya ya ɗaga maras lafiya. Ya lanƙwasa gwiwoyi ya ɗaga ƙugu daga katifa, wannan ma zai sauƙaƙa saka tasa. Ya koyi mirginawa da kansa. Ko ɗan motsi aka gani a yatsa, a sa shi ya maimaita, a ba shi murfin kwalba ko carbi ya gwada ɗauka. Maimaitawa ce ke koya wa ƙwaƙwalwa sabuwar hanya.

Gargaɗi: da aka ce gashi, ba ana nufin ruwan zafi ba. Ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi, sai a ƙone shi da tawul mai tururi bai ce uffan ba. Haka kaskon wuta a hunturu, a nisanta shi da ƙafarsa. Tsaga da ƙaho kuma ba sa dawo da motsi, domin ciwon ba a hannun yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Ga mai shan asfirin ko mai ciwon suga, rauni ne kawai za a ƙara masa. In kuma sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi tana ciwo, kada a matsa ta ko kaɗan, jini ne mai yiwuwa ya daskare a jijiya, a kai shi asibiti.

9. Zama, tsayuwa, tafiya

Tsarin shi ne zama, sannan tsayuwa, sannan taku, ba a tsallake ɗaya. Da likita ya ba da izini a fara zaunar da shi a bakin gado, ƙafafu a ƙasa, mutum a gefen da ya shanye. Minti biyar ya isa a ranar farko. In ya ji jiri a kwantar da shi, a sake gwadawa an jima. A riƙa ƙarawa har ya iya cin abincinsa duka a kujera, hannun da ya shanye a kan matashi, ba yana lilo ba.

Wajen mayar da shi kujera, a ajiye ta ta ɓarinsa mai lafiya. A ɗaura masa zani ko rawani a ƙugu ya zama abin riƙo. Mai ɗagawa ya tsaya a gabansa, ya tokare gwiwar da ta shanye da nasa gwiwoyin, ya kama ɗaurin, majinyaci ya sunkuyo gaba, a ƙirga uku a tashi tare. Ba a ɗaga shi ta hammata, shi ma kada ya rataya a wuyan mai ɗagawa.

Idan ya fara tsayuwa, a kafa masa madogara a inuwa: azara ko gora mai ƙarfi guda biyu a jere, tsayinsu daidai ƙugunsa, tsawonsu kamar taku shida, tazararsu ta ishe shi wucewa. A binne ginshiƙan sosai, a share tsakuwa. A nan zai koyi raba nauyi kan ƙafa biyu, ya koyi taku. Daga nan sai sanda, a hannu mai lafiya. Wajen hawa dakali ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, wajen sauka maras lafiya ce ke fara sauka. Silifas yana kayar da su, a nemi takalmi mai maɗauri a baya. A ɗauke tabarma da turmi da igiyar akuya daga hanyarsa.

Riga kuma hannun da ya shanye ne ke fara shiga, shi ne ke fita a ƙarshe. A bar shi ya yi fama da ita ko zai ɗauki rabin awa. Na san yana da wuya ɗa ya tsaya yana kallon mahaifinsa yana kokawa da maɓalli, amma duk abin da aka yi masa alhali zai iya, an rage masa atisaye ne.

10. Magani da awon jini

Maganin hawan jini ba a gama shi. Jini ya sauka ne saboda ana sha, ranar da aka daina zai koma inda yake, faɗuwa ta biyu kuma takan fi ta farko muni. A sha a lokaci ɗaya kullum, a sayi na gaba tun saura mako guda, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In ba ya iya haɗiye ƙwaya, a tambaya kafin a daka, akwai waɗanda ba a dakawa.

Awo: ya zauna shiru minti biyar, a ɗaura a damtse mai lafiya, hannun a kan matashi daidai ƙirji. A auna sau biyu, a rubuta da kwanan wata. Abin da ake nema shi ne ƙasa da 140/90, likitoci da yawa ma sun fi son ya kusanci 130/80. In ya kai 180/120, a sake aunawa bayan ɗan hutu, in bai sauka ba a nemi likita a ranar, kada a ninka magani da ka.

Gishirin yini gaba ɗaya kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya, wato giram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, kuma dunƙule da kanwa suna cikin lissafin. A ɗebar masa miyarsa kafin a zuba su, a ƙara daddawa, albasa da citta don ɗanɗano. Taba kowace iri a bar ta. Maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da haɗin da ake ƙullawa a leda a kasuwa, suna tayar da jini suna cin ciki. In yana jin ciwo, farasitamol, sannan a gaya wa likita. Mai ciwon suga kuma da ya sha magani bai ci abinci ba, in ya fara gumi da rawar jiki da ruɗewa, sugan ne ya faɗi. Batun azumi a tambayi likita tun Sha'aban.

11. Magana, zuciya da ibada

Wanda ɓarin damansa ya shanye yakan rasa magana. Ba hauka ba ne, ba kurumta ba ce, sau da yawa yana fahimtar abin da ake faɗa. Kada a yi masa ihu, kada a tattauna lamarinsa a kansa kamar ba ya nan. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, gajeriyar tambaya mai amsar i ko a'a, a ba shi lokaci. Abin da baki ya saba, kamar Fatiha, ƙirga da gaisuwa, yakan riga sauran magana dawowa, a fara da su.

Zai iya fashewa da kuka babu dalili, ciwon ne ke kawo haka. Amma in ya daina ci, ya juya fuska bango, yana cewa gara ya mutu, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, a faɗa wa likita. A fito da shi zaure da yamma, a ci gaba da neman shawararsa kan gona da auren yara. Salla ba ta faɗi a kansa ba: a zaune, ko a kwance kan gefe, da taimama in ruwa ya yi wuya.

12. Ma'aikatan lafiya

Tun makon farko a je cibiyar lafiya ta mazaɓa a sanar da mai kula da ita, a nuna takardar sallama. A daidaita da ma'aikacin lafiyar al'umma ya riƙa leƙowa don canjin roba, wankin gyambo da duba littafin awo. A tambaya ko cibiyar tana cikin shirin BHCPF, asusun da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, ko za a iya yi masa rajista a matsayin mara galihu.

Likitan gashi kuwa sai birni ko babban asibiti. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, na ABU da ke Shika da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen. A fara tambayar babban asibitin da ya fi kusa. In zuwa kowane mako ya gagara, a je sau ɗaya a wata da mai jinya, a karɓo atisayen wata, a ɗauka a waya, a karɓi lambar da za a tura bidiyon ci gaba. Mai yawo gida-gida da na'urar jijjiga yana cewa shi likitan gashi ne, a nemi ya nuna lasisinsa na MRTB, hukumar da ke yi wa likitocin gashi rajista, kafin ya taɓa kafaɗar.

13. Lokacin da ba a jira gari ya waye

Baki ya sake karkacewa, wani hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sake harɗewa, ko da abin ya wuce cikin minti kaɗan. Matsanancin ciwon kai da amai. Jijjiga irin ta farfaɗiya. Barcin da ba a iya tashinsa. Numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji. Zazzaɓi da tari. Fitsari ya tsaya mara ta kumbura, ko ya fito da jini. Faɗuwa da ta hana shi taka ƙafa.

Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. A kwantar da shi kan gefe, kada a ba shi ruwa ko magani ta baki, kada a cusa masa cokali tsakanin haƙora, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, don shi likita zai fara tambaya. A wuce kai tsaye babban asibiti da takardar sallama, ledar magunguna da littafin awo. Tun yau a yi magana da mutum biyu masu mota a garin waɗanda za su ɗaga waya da tsakar dare, a rubuta lambobinsu da gawayi ko alli a bangon ɗakin, kusa da jadawalin jinya. In damina ce kuma hanya tana yankewa, a san tun da wuri ta wace hanyar za a zagaya.